Rumbun Malam Tanko

Har yau ban shirya da warin ƙaiƙayin dawa ba. Shekarar da aka yi rububin kuza a duwatsun Riruwai, Baba ya kawo mu daga Damagaram, ƙasar da ake kira Faransa a lokacin, ya shiga haƙa. Wata azahar samarin gari suka fito da gora da adda, wai baƙi sun cinye musu arziki. Mai masaukinmu, Malam Tanko, ya tura ni da Baba cikin rumbunsa, ya mayar da jinka.

Ciki duhu ne da zafi, ƙaiƙayi kuma ya cika min maƙogwaro. Tari ɗaya ya isa ya tona mu.

Muka ji babbansu yana cewa, "Baba Tanko, ina 'yan Faransan naka? A buɗe rumbu."

"Buɗe mana, ɗana. Na ƙanena ne marigayi, ba a raba gado ba. Wanda ya ɗaga jinkar, shi da marayu gobe kiyama."

Mutanen da suka yi ta ƙona bukkoki, sai ga su da tsoron Allah. Ba su buɗe ba, ba su kuma tafi ba. A inuwar rumbun suka zauna hutawa.

Tari ya taso min. Baba ya cusa gefen hannunsa a bakina, na dasa haƙora, na yi ta haɗiyewa har kiran la'asar ya tashe su.

Da muka fito, Baba ya dubi hannunsa yana jini, ya ce, "Yarinya da giɓi, amma ji cizo." Muka yi dariya. Sai da na haifi nawa na gane rawar da jikina ya yi ta yi a duhun nan ba tawa ba ce, tasa ce.