Sabon Had-dis na Kawu Bube

"Kada ki buɗe mini ita," in ji Kawu Bube. "Ni na saka shi da hannuna, kuma daidai na saka."

Kamila, 'yar ƙanwarsa, ta janye hannu daga murfin kwamfutar. Tun da hantsi ya taso ta daga Kankiya zuwa shagonsa na buga takardu a Kusada, wai kwamfuta ta ƙi tashi. Jiya ya sayo wa kwamfutar sabon had-dis, rumbun da take ajiye komai a ciki, har an ɗora masa duk abin da ake buƙata. Ga ɗalibai cike da benci suna jiran takardar shiga jarrabawar gobe.

Ta kashe ta kunna. Ta shiga saiti, ta sauya wayar wuta. Kwamfuta dai ta kafe ita ba ta ga wani rumbu ba.

"Shekara huɗu kina karatun abin nan," in ji Kawu, "ashe yawo kika je."

Ana kiran Azahar ya nufi masallaci, ita kuwa ta yi wuf ta kwance murfin. Ga had-dis nan a ciki, an ɗaure shi tsaf da roba, cikin ledarsa ko ɓulawa ba a yi ba.

Yana dawowa ta tare shi. "Haba Kawu, ai ba ka cire ledar ba!"

"In cire? Sabo ne fa!" Ya nuna babur ɗinsa a ƙofar shago. "Wancan shekararsa uku da ledarsa. Kin taɓa jin ya ƙi tashi?"