Filas Biyu a Tashar Mota

Zauna ka ji misali, tunda kai ma da na'ura kake cin abinci. A wata tashar mota an yi wani mai ɗan shago, yana buga wa mutane takardu da kwamfuta, yana kuma zuba musu karatu da waƙoƙi a filas, ɗan abin nan kamar yatsa da ake cusawa a gefen na'ura. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba, kuma jam'i ba ya wuce shi. In an kira sallah ba ya kashe kwamfutar, don tayar da ita daga farko yana cin lokaci. Murfinta kawai yake rufewa, ta yi barci da aikin a ranta, ya gitta benci a bakin ƙofa ya tafi masallaci. In ya dawo ya ɗaga murfin, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Shekara da shekaru haka yake yi, bai ga abin ƙi ba.

Wata rana da hantsi, wata dattijuwa da ba ta daɗe da fita takaba ba ta kawo masa filas ƙulle a gefen mayafinta. Muryar mijinta ce a ciki, an ɗauka ranar sunan jikarsu, kuma duk duniya babu inda muryar nan ta rage sai nan. So take a sa mata a waya ta riƙa ji. Ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a kan tebur, ya ce ta dawo bayan la'asar, don akwai na wani direban babbar mota a gabanta. Ya cusa na direban, ya fara zuba masa waƙoƙin hanya. Ana tsakiyar zubi aka kira azahar, ya rufe murfi ya fita. Da aka sallame sallah, mai shago ya tsaya nafila, direban kuwa ya riga kowa fita don an cika masa lodi. Ya tsallake benci, ya zare filas ɗinsa, ko an gama ko ba a gama ba. Sai idonsa ya faɗa kan na dattijuwar yana jira a tebur. To, a tasha in mota ta tashi daga wurin lodi ba a barin gurbin haka nan, ta bayanta ake turowa. Da wannan tunanin ya ɗauka ya cusa a ramin da ya zare nasa, a ganinsa ya rage wa mai shago aiki, ya kama hanya.

Filas ɗin nan biyu a wurin mai talla ɗaya aka saye su, duka baƙaƙe masu jan baki, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Mai shago ya dawo, ya ga baƙi mai jan baki a inda ya bar shi, ya ɗaga murfi. Ita ma na'urar da ta farka ba ta tsaya dogon bincike ba. Ta ga iri ɗaya a rami ɗaya, ta ci gaba da zuba waƙoƙin direba a kan muryar mamaci. Sai da ya miƙa hannu zai ɗauki na dattijuwar ya ga tebur wayam. Yana ta laluben aljihu, mai shayin da ke gefensa ya leƙo ya ce, "Me kake nema? Ai direba ya shigar maka da na layi tun ɗazu." Nan take mai shago ya zare filas ɗin. Ya yi duk dabarar da ya sani, ya ruga wurin wanda ya fi shi sani a bakin kasuwa, babu abin da ya fito sai guntayen kiɗa.

Bayan la'asar dattijuwar ta dawo da wayarta a hannu. Da ya so, sai ya ce filas ɗin dama ya lalace, ba za ta taɓa sani ba. Bai yi haka ba. Ya ba ta kujera, ya durƙusa, ya faɗa mata yadda aka yi tun daga rufe murfi. Da ya gama ta ce, "Ɗana, akwai wani wuri da yake dariya har tari ya sarƙe shi. Ko shi bai rage ba?" Ya ce, "Bai rage ba, Inna." Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tashi a hankali ta tafi. Ba ta zage shi ba, kuma ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Direba alheri ya nufa, mai shago kuma ibada ya je, babu mugu a cikinsu. Amma amana ba ruwanta da kyan niyya, kulawa take so. Daga ranar ba ya rufe murfi sai ya gama zubi ya zare abin mutane ya kulle a akwati. In kuwa dole ta sa ya bar wani a jiki, ba ya ɗaga murfin sai ya zare shi ya karanta sunan da ya rubuta a bayansa. Ana yi masa dariya wai ya cika tsanani. Shi ya san abin da ya gani, kuma magabata sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.