Takardar da Dakta Ya Cusa a Aljihu

A yi wa Dakta adalci, ba sata ya yi ba. Takarda ɗaya tak ya zare daga cikin ɗari biyu, ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun kwat. Wa aka taɓa kaiwa gaban alƙali a kan takarda ɗaya?

Shekara bakwai yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, yana nanata magana guda har ɗalibai suka laƙaba masa Ido-da-Aljihu: namiji da ido yake zaɓen mata, mace kuwa aljihu take leƙawa, haka abin yake tun kakanni na kwana a kogo. Hujja kawai ta rage. Ranar Alhamis zai kai ta gaban kwamitin ƙarin girma, ya fito farfesa. Har furfurarsa ya rine saboda hoton da za a ɗauka ranar.

Hujjar ba ta ba shi wuya ba. Maman yara tela ce, shagonta ba ya rabuwa da mata. Ya ba ta takardun tambaya ɗari biyu ta raba musu, ya yi mata bayanin abin da yake sa ran gani har sau uku, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai taka jami'a ba. Kwana huɗu ta dawo da su a leda, suna ƙamshin man keken ɗinki.

Ya baje su a teburin ofis, ransa fes. Dukiya. Muƙami. Dukiya. Duk da shuɗin biro, alamun sun karkata gefe guda kamar ciyawar da iska ta kwantar.

Sai waccan. Da fensir aka rubuta ta, ba a zaɓi ko ɗaya daga amsoshinsa ba, a gefe aka yi rubutu ƙanana:

"Na aure shi yana da riga biyu da keken hawa mara birki. Dariya yake sa ni, shi ke nan. Na bar makaranta don ya ƙarasa tasa. Yanzu in baƙinsa sun zo, ruwa kawai ake kira na in kawo."

To fa. Dakta ya san wani keke mara birki. Ya san wata yarinya da ta ajiye karatun jinya a shekara ta biyu ta rungumi almakashi, shi kuma ya wuce digiri. Ko ranar Asabar da abokan aikinsa suka zo, me ya ce mata? "Ki taimaka mana da ruwa."

Amma ilimi ba ya tafiya da tausayi. Tsuntsu ɗaya ba ya ɓata garke. Aljihu.

Tun daga nan takardar ta hana bawan Allah sakat, shi da bai tare wa kowa hanya ba. A aji ya buɗe baki zai ce mace aljihu take leƙawa, sai nasa aljihun ya yi nauyi kamar an zuba tsakuwa. A gida ta ajiye masa shayi, ya ce na gode har sau biyu, ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Da kansa ya wanke kofin. Mutum mai digiri uku! Ita kuwa ko a jikinta, tana ta ƴan waƙe-waƙenta, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Wace irin mace ce za ta soke ka da fensir, sannan ta tambaye ka ko a ƙara sukari?

Safiyar Alhamis, saura awa ɗaya ya shiga gaban kwamiti, ya juya mota ya nufi shago. Ya same ta tana yanka yadi, almakashi a hannun hagu kamar kullum, allura a baki.

"Lafiya, Baban yara? Ba yau ne ba?"

Ya fito da takardar, duk ta yi laushi da gumi. Ya faɗi komai: keken, makarantar, ruwan baƙi, yadda ya ɓoye muryarta don kada ta ɓata masa lissafi. Ya ce ko farfesancin zai tafi, sai ya karanta ta da ƙarfi a gaban kwamiti. Har ƙwalla ya yi, kuma a ganinsa ta yi masa kyau.

Ta cire allurar daga baki, ta karɓa, ta karanta har ƙarshe. 

"Allah sarki," ta ce. "Ta matar da ke kawo mini zare ce. Sauran cewa suka yi ba su da lokacin takarda, kai kuma ka riga ka gaya mini amsar." Ta miƙa masa, ta koma kan yadinta. "Ai duk cikin ɗari biyun nan, ita kaɗai ce ba ni na cike ba."