Markar da Ba Ta Kai Bakin Teku Ba

Kai da kake cewa ba sai ka tambayi kowa ba, wai ka riga ka auna komai a ranka, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mutum a ƙasar Katsina, Malam Jatau, mai gadi a wata makarantar kwana. Tun suna ango da amarya ya yi wa matarsa Hurera alkawarin zai kai ta ta ga teku, don ita ta ce hankalinta bai kama yadda za a ce ruwa ba shi da tsallake ba. Yau da gobe 'ya'ya suka zo, jikoki suka biyo, alkawari yana nan a rataye. Wata bazara sai ciwon ido ya kama ta, irin mai cin gani a hankali ta gefe-gefe. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce abin da take son gani, ta gan shi bana.

Nan fa hankalin mutumin ya tashi. Ya tsayar da Lome ta ƙasar Togo, inda mota take kai mutum har bakin ruwa. To amma hutunsa ɗaya ne a shekara, dogon hutun ɗalibai, shi kuwa a Agusta yake faɗowa. Agusta ai ka san ta, tsakiyar marka ce: ruwa ya kwana ya wuni, katanga ta jiƙe ta zube, wanki ya daɗe a igiya har ya yi wari. Malam Jatau ya zauna a bakin ƙofar makaranta yana saƙa da warwara shi kaɗai. Ya ce mu da muke roƙon ruwa ma ga yadda Agusta take yi mana, ina ga ƙasar da ruwa ya mayar gidansa? Ai sai dai su je su kalli bangon masauki su dawo. Ya ga hanya biyu ce ta rage, duk babu mai daɗi. Ko su tafi a Yuni kafin damina ta kankama, alhali ba a sakin mai gadi ɗalibai suna makaranta, sai dai ya ajiye aikin. Ko kuma a bari sai rani, ciwon ido kuwa bai san jira ba. Bawan Allah ya rame, abinci ya daina shiga, ko haɗa ido da Hurera ba ya iyawa don kunya. Daga ƙarshe ya ƙudura zai ajiye aikin da yake ci da iyali da shi. Duk wannan fa bai buɗe baki ya tambayi kowa ba. Wai shi ɗan manomi ne, wa zai koya masa damina? Ka ji taurin kai.

Ashe a bayan layinsu akwai wata dattijuwa mai ƙosai da ake ce wa Iya, haifaffiyar Zangon Lome, aure ne ya kawo ta Arewa. Kullum ta gabanta yake wucewa, gaisuwa kawai take haɗa su. Hurera ce ta matsa masa, ta ce, "Malam, ka tambayi Iya mana, me zai ragu a jikinka?" Ya je don dai a zauna lafiya. Da Iya ta ji zancen Yuni sai ta saki abin tsame ƙosai ta kama haɓa, ta ce, "Yuni? Ai da ruwan sama ka kai ta ta gani, ba teku ba." Ta bayyana masa cewa can damina biyu gare su. Babbar a Yuni take tsananta, har titi ya zama rafi. Idan Agusta ta kama kuwa, ruwan yakan hauro Arewa wajenmu, su can ya ba su hutu. Sai lumshi da iska mai sanyi, don haka abin da zai nemar wa matarsa mayafi ne mai kauri. Malam Jatau ya nemi benci ya zauna. Saura ƙiris ya rasa aiki, ya kuma kai matar cikin ruwan da yake gudu. Ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka, ya yi ta hamdala. Ran nan ya ci tuwo har da neman ƙari.

Agusta na kamawa suka tashi cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi dai bai gama sakin jiki ba, sai da ya cusa laima biyu a jaka. Ruwa ya yi musu rakiya mai nisa, sannan ya juya. Suka iske Lome yashi a bushe, gari ya yi lumshi, iska tana kaɗawa. Hurera ta tsaya a bakin teku ta ƙudundune cikin mayafi, tana juya kai dama da hagu a hankali, don ganinta ya koma kamar na mai leƙe ta kafar ƙofa. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Malam, ashe da gaske ba shi da tsallake." Mutumin ya kau da kai ya goge ido da hannun riga don daɗi. Laima biyun nan ba su buɗe su ba sai da suka sauka a tashar garinsu, inda marka take jiransu.

Kafin wata bazara ganinta ya tafi. Amma har yau idan jikoki suka kewaye ta, teku take siffanta musu, ba ta ɓata ko kalar kumfarsa. Mijin kuma yana nan a bakin ƙofar makaranta da aikinsa.

To kai ma kafin ka auna garin wasu da mudun garinku, nemi wanda ya kwana a can. Hausawa sun ce, matambayi ba ya ɓata.