Fedar Amsa-kuwwa

"Ɗauki shuɗiyar nan," in ji mai shago. "Irinta yayanka ya zaɓa jiya."

Makaɗin ya ɗage ƙafarsa daga kan fedar, ɗan akwatin nan da ke sa sautin jitar lantarki ya yi amsa-kuwwa. Awa biyu ya yi yana taka wannan yana taka waccan, don ranar Asabar za su naɗi waƙarsu ta farko a situdiyo. Shekara tara ke nan yayansa na rerawa, shi yana kaɗa masa.

"Yaya da ko riƙe jita bai iya ba?" ya ce yana dariya.

"Ai da sabon makaɗinku ya zo. Na zaci ka sani. Kai, mutumin akwai hannu! Har na ɗauke su a waya."

Dariyar ta maƙale masa a wuya. Ya karɓi wayar. Ga wani baƙo yana kaɗa karin da shi ya ƙirƙira a ɗakinsa, wanda mutum ɗaya tak ya taɓa jiyarwa. Ga Yaya tsaye a gefe, yana gyara wa baƙon inda ya kuskure.