Direban da Ba Ya Jin Turanci

"Ba shi makullin," in ji Manaja, yana nuna wani sabon direba mai naktaye. "Wannan yana jin Turanci. Kai ko gaisuwa ba ka iya ba."

Wata huɗu ina tuƙa Injiniya, baƙon da aka ɗauko daga ƙasar waje ya kafa mana inji. Magana ɗaya ta Turanci yake maimaita mini kullum. In ya faɗe ta yana shafa ciki, gidan abinci za mu. In yana duba agogo, sai in taka mota. In ya lumshe ido, sai in kama bakina.

Na miƙa makullin, na koma kujerar baya don in nuna hanya.

Muna hawa titi Injiniya ya saki maganar tasa.

"Cewa ya yi ba matsala," in ji Mai Naktaye. "Ka ga amfanin boko, Baba?"

"Tsaya," na ce. "Bayan gida yake nema. Dubi yadda ya matse ƙafa."

Bai tsaya ba, sai ma ya shiga zuba wa Injiniya Turanci kamar rediyo. Shi kuwa Injiniya sai gumi ke karyo masa. Can ya waigo, ya nuna mini Mai Naktaye, ya buɗe hannu, wato me wannan yake cewa?

Ashe shi ma Injiniya maganar nan ɗaya ce iyakar Turancinsa.

Da muka dawo, Injiniya ya fizge makullin, ya danƙa mini a gaban Manaja, ya maimaita maganar tasa.

Wannan karon har Manaja ya gane.