Tattakin Safe a Gonar Tumaki

A sandar shinge ta arba'in ya ja birki kamar kullum, hannunsa dafe da ɗinkin ƙirjinsa.

"Nan zan juya."

"Haba tsoho! Likita cewa ta yi har bakin titi," in ji matarsa daga can gaba. "Dubi tumakinka, dariya suke maka."

"Su yi ta yi. Ba su aka tsaga wa ƙirji ba."

Wata biyu ke nan da yi masa aikin zuciya. Kowace safiya sai ta tasa shi tattaki, ita tana tsokana, shi yana sauraron kowane bugu. Asibiti mafi kusa tafiyar awa biyar ce a mota, shi ya sa ko ɗaga ƙafa bai taɓa yarda ya yi ba.

"Taku goma kacal ka ƙara, in dafa maka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ɗago ya gan ta zaune a ƙasa, ta riƙe muƙamuƙi, gumi na karyo mata. Duk alamun da aka ce ya kiyaye a jikinsa, ga su a jikinta.

Ya zaro wayarsa, babu sabis. Wayar gida, wadda za ta iya kiran jirgin saman likita, tana kan teburin kicin, kilomita guda a baya.

Ta cafke ƙafar wandonsa. "Kar ka yi gudu. Don Allah tsoho, kar ka yi gudu."

Ya kifa mata hularsa saboda rana, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya zura a guje.